Murya a Cikin Tulu

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Yau na faɗa ramin da na gina da hannuna. A rubuta wannan a ajiye, tunda gidan tarihi muke ginawa.

Ga yadda aka yi. Lokacin hutun azahar leburori suna cin rogo da ƙuli, ni kuma na saɓa sandar awo a kafaɗa, na ce bari in nuna musu yadda saje yake duba fareti. Hagu, dama, hagu, dama, ina harare-harare, na turo ciki gaba. Khalilu kafinta yana kaɗa min gwangwanin fenti. Na ƙame, na sara wa buhun yashi, na ja da baya taku uku kamar yadda na gani a talabijin. Taku biyu ne a ƙasa. Na ukun a iska na yi shi.

Zurfin ramin ya kai kafaɗata, ni na auna shi. A gindinsa akwai kwaɓin jar ƙasa da na jiƙa tun jiya. Ƙafar hagu ta gurɗe, wando ya tsage ta baya, wayata ta fice daga aljihu ta nutse a kwaɓin. Sai da Khalilu ya gama dariya ya share hawaye sannan ya miƙo min hannu.

Ya ce, "Saje, an ci mu da yaƙi ke nan?"

Na ce masa janyewa ce ta dabara.

Ni Tasi'u magini, mai shekara hamsin da bakwai, mai jika biyu. Allah ya shirye ni.

Littafin nan Nana Hafsat ta ba ni don in riƙa rubuta awon bango. Ita ce mai tsara aikin, 'yar birni, ta yi karatun zanen gini. Na juya shi ta baya na fara nawa rubutun, da hannun ɗan aji huɗu na firamare, domin babu wanda zan ba labarin faɗuwar a gida. Yau kwana uku matata Maimunat tana Zakirai, gidan ƙaninta.

Wandon yana kan igiya. Ban san inda take ajiye allura ba.

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Ƙafa ta kumbura kamar kabewa. Mai ɗori ya murɗa, na kira sunayen mutanen da suka daɗe da barin duniya. Ya ce kwana biyar a zaune.

Tunda zama ya kama ni, bari in rubuta abin da muke yi, ko don jikokina su san kakansu ba faɗuwa kaɗai ya iya ba. Wani tsohon Kanar da ya yi ritaya ne ya sayi fili a bakin titin Dawakin Tofa, ya ce zai yi gidan tarihin soja. Ba irin wanda ake jera bindigogi a gilashi ana nuna wa mutum da sanda ba. Nana Hafsat ta ce, "Baba, so nake mutum ya shiga ya manta a Kano yake."

Ɗaki uku ne a cikin babban zaure ɗaya mai rufin kwano. Na farko ganuwa ce irin ta da, ni na ɗora ta da tubali, har da ƙananan kafofin harba kibiya. Na biyu dajin ƙasar Bama ta ƙetaren teku, inda kakanninmu suka je yaƙin Turawa: gora, ganyen roba, da bututu a sama yana ɗigo da ruwa a wuyan mutum. Na uku ramin sojan yanzu. Shi ne nawa tun daga tushe. Duhu, buhunan yashi, fanka a ɓoye tana huro iska, da wani faifan ƙarfe a ƙarƙashin yashi. Da ka taka shi sai murya ta tashi.

Da farko sun maƙala lasifika a bango, muryar tana fita kamar ta mai tallan magani a tasha. Ni na ce a sayo tuluna a Dawaki, a binne su a jikin bango baki waje, a sa lasifikar a ciki, a yaɓe. Aka gwada. Sai muryar ta fito kamar mutum ne tsugune a gefenka. Nana Hafsat ta yi tsalle ta ce, "Baba, kai genius ne." Na ce ta faɗa wa matata.

Da na sani da ban ce a sayo tulunan ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da magariba

Na dafa taliya. Ta zama kunu. Na sha.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan azahar

To, bari in rubuta laifina, tunda ba mai karantawa.

Yaron nan namu ɗan fari ne. A wurinmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa fara'a a gaban mutane. Ni “kai” nake ce masa, ko “wancan”. Uwarsa ta fi ni. Tun yana goye ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban wani ba, abincinsa ma ƙanwarsa take ba ta kai masa. Duk unguwa Innar Aina'u ake kiranta, da sunan ta biyun, kamar na farkon ba ita ta haife shi ba.

Da ya shiga soja aka tura shi gabas, sai ya riƙa aiko min da saƙon murya a waya. Ni kuma sai in fito tsakar gida lokacin da take tankaɗe, in ce kunnena ya fara mutuwa, in ƙure ƙara. Ita ba ta ɗaga kai. Amma rariyar takan tsaya. Idan ya gama sai ta ce, "Kai da wayarka kun cika mana gida da surutu." Sai in ce ban ji farkon ba, in sake kunnawa. Shekara biyu muna wannan wasan. Saƙo goma sha ɗaya.

Watan jiya Nana Hafsat tana neman muryar da za a sa a ramin. Ta kawo ta wani ɗan wasan kwaikwayo, yana ta huci yana cewa za mu mutu don ƙasarmu. Na ce, "'Yata, soja ba haka yake magana ba. Ƙorafin wake yake yi." Na ciro waya na kunna mata guda ɗaya, don dai a yi dariya. Aka yi dariyar. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, za ka ba mu wannan?" Na ji kaina ya kumbura. Na ba ta. Ban tambayi kowa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na manta kwanon abincina. Maimunat, da ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba, ta hau mashin ta biyo ni da shi. Aka ce mata ina ɗaki na uku. Ta shiga cikin duhu tana sallama. Ta taka faifan.

Ina bayan bango ina yaɓe. Na ji faɗuwar kwano. Sannan na ji ta kira sunansa. Sau biyu, da ƙarfi, a gaban leburori shida. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Ba ta yi min faɗa ba. Washegari ta share gida, ta cika randa, ta tafi.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Na ba Khalilu wayar ya kai wa mai gyara a birni. Ya dawo da ita a leda. Mai gyaran ya ce ƙasa ta shiga har cikin ƙwaƙwalwarta, ba abin da zai fito. Ya ce wai me ya sa ban tura saƙonnin wani wuri na ajiya ba. Wane wuri? Aljihuna ne wurin.

Saƙo goma sun tafi. Saboda fareti.

Khalilu ya tsaya a zaure yana murza hula. Na ce masa ai wayar ta yi mutuwar soja, a bakin aiki. Bai yi dariya ba. Mutane sun fara lalacewa, ba sa gane raha.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

An kwana ana ruwa. Ciyawa ta kusa kamo gero a gonar bayan gida. Kajinta suna bina duk inda na ɗingisa, suna min kallon wanda ya san inda aka kai ta.

Talata, 22 ga Yuli, da magariba

Na koma aiki da sanda. An tarye ni da “Saje ya dawo”. Na sara musu da hannun hagu.

Da aka tashi na ce zan tsaya in duba tsagewar yaɓe. Babu wata tsagewa. Na sauka ramin, ta matakala wannan karon, na taka faifan. Bari in rubuta saƙon a nan, ko da injin nasu ma zai faɗa kwaɓi wata rana:

"Salamu alaikum, Baba. Muna lafiya. Ruwa ya cika mana rami, takalmina kwana huɗu bai bushe ba. Abinci kuma wake ne da safe, wake da yamma, ina jin na kusa yin tsiro. Idan na zo a yi min dambu da zogale, mai yawan ƙuli. A gaida Aina'u da yaranta. Inna, na san kina ji. Ba sai kin amsa ba."

Sai ƙarar iska, sai wani ya kira shi daga nesa, sai ya katse.

Na taka sau tara. Mai gadi ya leƙo ya ce zai kashe janareta.

Alhamis, 24 ga Yuli, bayan sallar asuba

Liman, Malam Zaharaddini, ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci bai saki ba. Ya ce, "Tasi'u, wata biyar ke nan. Mutane suna tambayata yaushe za su zo maka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, su zo mana, akwai noma a gonar bayan gida, kowa ya taho da fartanyarsa."

Ya dube ni ya daɗe. Na zare hannuna.

Tun ranar da masu kakin soja biyu suka zo da jaka, saura kwana shida a ɗauki azumi, haka ake fama da ni. Sun faɗi abin da suka faɗa. Ni ban gani ba. Magini ba ya cewa bango ya faɗi sai ya je ya ga ƙasa a zube. Waɗanda suka zo da tabarmi a ranar na ce su naɗe, ba a yi komai ba a gidan nan. Matan da suka shigo da kuka na ce musu sun yi ɓatan gida.

Jakar tana ƙarƙashin gado. Ba ta tsare wa kowa hanya ba.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Zakirai. Mota biyu da mashin, ga ƙafa. Na sayi goro da sabulu mai ƙanshi, na sa babbar riga kamar mai neman aure.

Abdulkabir, ƙaninta, yana ƙofar gida yana gyaran buhunan taki. Da ya hango ni ya ce, "A'a, angon Yaya! Wa ya harbe ka a ƙafa?"

Na ce, "A fagen fama na samu."

Ya ce, "Mun ji labari. An ce har wando ya yi shahada."

Ashe labarin wandona ya riga ni ƙetare ƙananan hukumomi uku. Muka yi dariya, ya shimfiɗa min tabarma a zaure, ya shiga ciki. Ya daɗe. Ya fito da kwanon fura shi kaɗai.

Ya ce, "Ta ce a gaishe ka. Ta ce ya ƙafa."

Na ce, "Ita fa?"

Ya ce, "Tana nan." Ya zauna yana kallon buhunansa. "Yaya Tasi'u, ni ban san me ke tsakaninku ba, ba ta faɗa ba. Amma tun da ta zo take kuka, kuma matata ta ce kukan kamar na wanda ya samu wuri ne."

Furar damunta ce, na gane, ba ta cika sukari. Na shanye. Ban ba da labarin wayar ba. Na bar goro da sabulu, na juyo.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan azahar

Na samu Nana Hafsat a ɗakin Bama tana faɗa da mai famfo, wai ruwan yana zuba kamar wanka, ita ɗigo take so. Na jira ta gama. Na ce a cire muryar.

Ta ce, "Baba, saura wata guda a buɗe. Kanar ya ji ta, ya ce ita ce zuciyar gidan gaba ɗaya."

Na ce, "Ni kuma tuwona ne gaba ɗaya. Kin ga yadda na rame?"

Ba ta biye min ba. Ta ce, "Laifina ne. Ya kamata in tambaya ko Mama ta sani. Ban ma tambaye ka ko yana..." Ta tsaya a nan. Yarinyar tana da hankali.

Na ce, "Yana gabas."

Ta ce to. Kafin a tashi ta hau kwamfuta ta cire. Ta sa min saƙon a memori, ta saka a wani ƙaramin rediyo, ta ba ni. Na taka faifan don in tabbatar. Iska kawai da ƙarar ruwa.

Na yi abin da ake so. Ban san me ya sa na ji kamar na kori mutum daga ɗaki ba.

Laraba, 30 ga Yuli, da yamma

Sun ce tunda ni na san yadda soja yake magana, in yi musu da bakina. Aka sa ni a cikin ramin, aka ɗora min abin ɗaukar magana a gaban baki, Khalilu yana riƙe da fitila.

Na farko na yi da muryar saje, aka ce ya yi yawa. Na biyu tari ya sarƙe ni. Na uku na ce wake ya ishe mu, a kawo shinkafa ko mu koma gida, leburori suka fashe da dariya, aka sake. Na huɗu Nana Hafsat ta ce, "Baba, ka manta da mu. Ka yi kamar kana yi wa mutanen gida magana."

Na buɗe baki na ce, "Salamu alaikum."

Shi ke nan abin da ya fito. Na tsaya ina kallon bakin tulu. Khalilu ya kashe fitilar, Allah ya saka masa, ya ce batir ne ya ƙare.

Sun ce za su nemo wani.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan masallaci

Na bi ta bayan layi na fito, don kada Liman ya gan ni.

Lahadi, 3 ga Agusta, da hantsi

Aina'u ta zo daga Tofa da yaranta da tuwo a kula. Ta ga tukwane ta riƙe baki. Ta wanke, ta share, ta ɗinke wandon ba tare da ta tambayi tarihinsa ba. Yaran suka ce in yi musu saje. Na yi, a zaune.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallon ƙarƙashin gado. Ta ce, "Baba, ni ma yayana ne fa."

Na ce, "Wa ya ce ba yayanki ba ne?"

Ta ce, "Ko gaisuwa ɗaya ba a yi min ba. Dangin mijina suna tambaya, ban san me zan ce musu ba."

Na ce ta gaida mijin nata, ta ce masa har yanzu ina jiran ragon da ya yi min alkawari. Ta saɓa goyo ta fita. Tuwon ya kai ni kwana biyu.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Khalilu ya kafa wani babban allon katako a hanyar fita daga ɗaki na uku. Ya goge shi har yana ɗaukar ido. A nan za a rubuta sunayen 'yan yankin nan da suka tafi aikin soja ba su dawo ba, tun daga na Bama. Iyalai suna ta kawowa a takarda. Wata tsohuwa daga wajen Dawaki ta zo da sunan wanta a ƙulle a bakin zane, ta ce shekara tamanin ba wanda ya tambaye ta shi.

Na taya shi riƙe allon yana buga ƙusa. Bai dube ni ba ya ce, "Akwai sauran wuri a ƙasa."

Na ce, "Ka bar wa wayata."

Ya ce, "Tasi'u, wallahi wani lokacin kana ba ni haushi." Ya buga ƙusar har ta lanƙwashe.

Asabar, 9 ga Agusta, da magariba

Na koma Zakirai da rediyon a aljihu. Abdulkabir bai tsokane ni ba yau. Ya shiga, ya fito, ya ce in ƙarasa soro na biyu. Ya tafi gona, da rana tsaka, shi da ba ya son rana.

Ta fito da hijabi ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni gefe. Ta rame. Muka gaisa kamar baƙi, ta tambayi ƙafa, ta tambayi kaji.

Na ce, "An cire. Babu wanda zai ƙara ji. Ga shi nan a rediyo, naki ne." Na tura mata. Sannan na faɗi na wayar, da faretin, da goman da suka tafi. Na jira ta zage ni.

Ta ce, "Na haddace su."

Na ce, "To ki tashi mu tafi. Kajin nan sun kusa kai ni ƙara."

Ta ce, "Malam, ka ajiye wasan nan tukuna." Ba ta ɗaga murya ba. "Kana zaton don an ji muryarsa na taho?"

Na ce to don me.

Ta ce, "Da na ji shi a ramin nan, na ɗauka ya dawo. Wallahi na ɗauka gaskiyarka ce, mu ne muka yi kuskure. Na miƙa hannu na taɓa bango. Da aka kunna fitila na ga tulu." Ta gyara hijabi. "Sai na tambayi yarinyar nan, wannan gidan na mene ne. Ta ce na tunawa da waɗanda suka wuce ne. Ka ji? Kai da hannunka ka kai shi can. Ka san inda ya dace da shi. A wurin baƙi ka yarda. A gidansa ka hana."

Na ce ban ga komai da idona ba.

Ta ce, "Ni ma ban gani ba. Yana raye ban kira sunansa ba, don kunya. Ban taɓa ce masa sannu da hanya ba. Na ce ba komai, ya sani. Yanzu kuma in yi masa kuka a ɗakina, ka shigo kana ba ni labarin akuyar da ta ci hular Khalilu. Wata biyar ina shiga banɗaki in yi kukan ɗana kamar mai sata. Mata sun zo min ka kore su. Ko 'Allah ya jiƙansa' ba a taɓa faɗa a gidan nan ba."

Na nemi abin faɗa. Duk abin da ya zo bakina na dariya ne. Na haɗiye.

Ta ce, "Ni ba yaji na yi ba. Wurin kuka na zo nema. Ranar da ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ka zauna, zan zo in karɓi mata a ciki. Kafin nan kada ka ƙara wahalar da ƙafarka."

Ta ɗauki rediyon ta sa a cikin hijabi, ta shiga.

A mota wani ya gane ni ya ce, "Ba kai ne sajen da ya faɗa rami ba?" Na ce ni ne.

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Ban je ko'ina ba. Gero ya fara fitar da kai.

Talata, 12 ga Agusta, bayan sallar asuba

Jiya da rana na jawo jakar. Kaya ne kawai. Riguna biyu, buta, carbi, cokali, da wata sabuwar atamfa a leda da bai kai ga aikowa ba. Takalmin ba ya ciki. Na daɗe ina neman takalmin, kamar shi ne maganar.

Yau ni na riƙe hannun Liman. Na jira kowa ya watse. Na ce a sanar, ranar Juma'a da safe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wa zan ce?"

Na ce, "Malam, ai ka sani. Kai ka raɗa masa."

Ya ce, "Na sani. Wa zan ce?"

Na dubi tabarmar masallaci. Akwai wani wuri da ta tsinke, ya kamata a gyara. Na ce Kamaruddeen.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Kamaruddeen."

Na ji ana jira. Na ce amin.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Na gaya wa Nana Hafsat ba za ta gan ni ba sai Litinin, sauran yaɓen ganuwa ya jira. Ta ce za su zo, ita da Kanar. Ramin har yanzu iska ce da ruwa a ciki, ba su samu muryar da ta gamshe ta ba. Maganar allo kuma na ce ba tawa ba ce ni kaɗai, sai na tambaya. Na fara koyo.

Aina'u ta zo tun azahar tana jiƙa gero. Abdulkabir ya kira wayar maƙwabcina ya ce motar farko za su biyo. Ya ce akwai saƙo daga Yaya: kwana uku zan zauna, kuma katangar gidanmu ba ta da kauri, ni na gina ta. Idan ta ji an yi dariya a ƙofar gida ko sau ɗaya, ta san daga inda ta fito, kuma ba ta kwance kayanta ba tukuna.

Duk wanda na kora zai dawo gobe. Mutum nawa ne, ban ƙirga ba, amma na tuna fuskokinsu. Kowanne zai tsuguna a gabana ya ce ya haƙuri, ni kuma in dube shi in amsa masa da abin da ake amsawa, ba ƙari. Khalilu ya ce zai zauna kusa da ni, idan ya ga bakina ya fara motsi zai taka min ƙafar hagu.

Tabarma bakwai na aro. Suna jingine a zaure. Ban shimfiɗa ba tukuna.